Makonni Biyar Ba Majalisa: Batsari da Safana a Shekarar Korona

A daren Juma'a 14 ga Fabrairu 2020, 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan Tsauwa da Ɗankar a ƙaramar hukumar Batsari. Rundunar 'yan sanda ta ce mutum 30 aka kashe, da yawansu tsofaffi da yara waɗanda ba su iya gudu ba. Ranar Talata 24 ga Maris, kusan daidai da sadakar arba'in ɗin mamatan, Majalisar Dattawa da Majalisar Wakilai a Abuja suka ɗage zama saboda wata masifa ta daban, cutar korona, wadda aka tabbatar da shigowarta Legas ranar 27 ga Fabrairu. An ce hutun na mako biyu ne. Sai da ya kai mako biyar.

Abin da ya faru cikin waɗannan makonni, da watannin da suka biyo baya, shi ne karo na farko da aka jarraba majalisun da jama'a suka zaɓa a Najeriya da annoba mai rufe ƙasa gaba ɗaya. Annobar da ta gabata ba ta tarar da su ba. Murar da ta game duniya a 1918, wadda dattawan ƙasar Hausa suka riƙa kira Marisuwa, ta sauka Legas a watan Satumba na shekarar, ta biyo hanyar jirgin ƙasa zuwa Arewa, kuma ana ƙiyasin ta kashe kusan rabin miliyan a ƙasar. A lokacin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ke kan gado, abin da za a yi kuwa tsakanin Razdan da fada ake yanke shi. Ko majalisar kafa doka da Gwamna Clifford ya kawo a 1922 ba ta da iko a kan Arewa; gwamna ne ke yi wa lardunan Arewa doka da alƙalaminsa. Sanƙarau na 1996, wanda ya ci rayuka sama da dubu goma, ya zo ne a zamanin Janar Sani Abacha, lokacin da babu majalisar da za ta tambayi kowa komai.

Daga wancan zamani na Turawa aka gaji dokar killace masu cuta ta 1926, wadda aka yi bayan annobar ɓeraye ta ɓulla a Legas. Da ita Shugaba Muhammadu Buhari ya rufe Legas da Ogun da Abuja daga daren 30 ga Maris 2020. Kundin tsarin mulki na 1999 ya tanadi wata hanyar: sashe na 305 ya ba shugaban ƙasa damar ayyana dokar ta-ɓaci, amma da sharaɗin majalisun biyu su amince da rinjayen kashi biyu cikin uku a 'yan kwanaki, in ba haka ba ta faɗi. Gwamnati ba ta bi ta nan ba. Tsohuwar dokar ba ta buƙatar sa hannun kowa sai na shugaba, kuma ta bar wa gwamnoni ƙofar yin nasu ƙa'idojin inda shugaban ƙasa bai yi ba. Ta haka mafi girman takunkumin da aka sa wa zirga-zirga da kasuwa da ibada tun dawowar mulkin farar hula ya fara aiki ba tare da an kaɗa ƙuri'a ko ɗaya a zauren majalisa ba.

Maƙwabta na can bayan Jibiya sun bi wata hanya. Gwamnatin Mahamadou Issoufou ta ayyana dokar ta-ɓaci ta lafiya ranar 27 ga Maris, kuma da yake dokar Nijar ba ta yarda irin wannan ya wuce kwana goma sha biyar ba sai da izinin majalisa, dole 'yan majalisar Yamai suka zauna a watan Afrilu suka tsawaita ta da wata uku. Jam'iyyar gwamnati ce ke da rinjaye, sakamakon ƙuri'ar kuwa an san shi tun kafin a zauna. Duk da haka an zauna, ministoci sun tsaya sun yi bayani, mutumin Maradi kuma yana iya sanin wanda zai tuhuma.

A Katsina al'amarin ya fara da wuta. Ranar Asabar 28 ga Maris matasa suka ƙona ofishin 'yan sanda a Kusada saboda an hana sallar Juma'a. A farkon Afrilu wani likita ya rasu a Daura, gwaji ya nuna korona ce, Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe Daura, sannan kulle ya riƙa bin ƙananan hukumomi ɗaya bayan ɗaya: Dutsin-Ma, Katsina, Batagarawa da wasunsu. Duk ta sanarwar gidan gwamnati aka yi wannan. Abin lura, Masari ba baƙon majalisa ba ne. Shi ya riƙe kujerar Kakakin Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2007, ya san zafin majalisa idan ɓangaren zartarwa ya tsallake ta, gama ya yi zamani da Obasanjo. Amma majalisar jiharsa mai kujeru 34, ɗaya ga kowace ƙaramar hukuma, a hannun jam'iyyarsa take, kuma irin wannan majalisa ba kasafai take neman a tuntuɓe ta ba.

Ga mutumin Runka ko Wagini, rufe Dutsin-Ma da birnin Katsina ba ƙaramin abu ba ne. Can ne kasuwa, can ne asibitin da ake kai wanda aka harba, can ne 'yan gudun hijira ke samun ɗan uwa da zai ba su ɗaki. Gabas an rufe, yamma kuma dajin Rugu ne. Da asubahin Asabar 18 ga Afrilu, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi, 'yan bindiga suka kai hari lokaci guda a ƙauyukan Safana da Ɗanmusa da Dutsin-Ma. 'Yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 47. A wannan rana hankalin Abuja yana maƙabartar Gudu, inda ake binne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, wanda korona ta yi ajalinsa. Adadin da aka kashe a waɗannan ƙauyuka cikin dare ɗaya ya fi duk waɗanda hukumar yaƙi da cututtuka ta lissafa cewa korona ta kashe a faɗin Najeriya zuwa ranar.

A al'adar majalisa, abu irin wannan yana da hanyarsa. Ɗan majalisar yankin ya miƙe a zama na gaba ya nemi izinin gabatar da batun gaggawa, a yi shiru na minti ɗaya, a umarci kwamiti ya gayyaci hafsoshi, a nemi hukumar agajin gaggawa ta kai buhunan hatsi. Jama'a sukan yi wa wannan ba'a, kuma ba'ar tana da tushe, domin matsayar majalisa ba doka ba ce, shugaba yana iya yin kunnen uwar shegu da ita. Amma a nan ne ake ambaton sunan ƙauye a shigar da shi kundin zama, a nan ne 'yan jarida ke samun abin da za su riƙe minista da shi. Mazaɓar tarayya ta Batsari da Safana da Ɗanmusa tana da wakili, shiyyar Katsina ta Tsakiya tana da sanata, amma zauren da za su yi magana a rufe yake, kuma haka ya zauna har kwana goma bayan harin.

Me ya hana a zauna daga nesa? Wasu ƙasashe sun yi. Majalisar Dattawan Brazil ta kaɗa ƙuri'arta ta farko ta intanet ranar 20 ga Maris. A Ingila, wadda majalisarta ta taɓa ƙaura zuwa Oxford a 1665 don gudun annoba, an amince ranar 21 ga Afrilu cewa mutum 50 kaɗai za su shiga zaure, sauran su yi tambaya ta Zoom. Majalisar Wakilan Amurka ta yarda a watan Mayu ɗan majalisa ya wakilta ɗan uwansa ya kaɗa masa ƙuri'a, abin da ba a taɓa yi a zaurenta ba. Dabarar da ta fi dacewa da ƙasa mai raunin intanet ita ce ta New Zealand: da aka ɗage zama, sai aka kafa ƙaramin kwamiti ƙarƙashin jagoran 'yan adawa, aikinsa kawai ya riƙa titsiye ministoci a bainar jama'a. A ɗaya gefen kuma akwai Hungary, inda majalisa ta miƙa wa Viktor Orbán ikon mulki da umarni ba tare da wa'adi ba ranar 30 ga Maris.

A Najeriya hujjar da aka riƙa bayarwa ta doka ce. Kundin tsarin mulki ya ce kowace majalisa za ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, kuma zama ba ya halatta sai da kashi ɗaya cikin uku na mambobi: 37 a Majalisar Dattawa, 120 a ta Wakilai, 12 a ta Katsina. Waɗanda suka rubuta shi ba su yi tunanin halarta ta fuskar kwamfuta ba, ƙa'idojin majalisun kuwa sun ɗaure zama da zaure da sandar girma. Sai dai wannan hujja ba ta da ƙarfin da aka ba ta. Sashe na 60 da na 101 sun bar wa kowace majalisa ikon tsara yadda za ta gudanar da aikinta. Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara taronta ta bidiyo ranar 13 ga Mayu, a watan Yuli kuma Kotun Ƙoli ta nuna cewa zaman kotu ta intanet bai saɓa wa tsarin mulki ba. Kuma adadin kashi ɗaya cikin uku shi kansa mafita ne: mutum goma sha biyu za su iya zama a zauren da aka gina wa talatin da huɗu ba tare da kafaɗa ta taɓa kafaɗa ba. Tsoron ma ba na banza ba ne, a yi adalci. A ƙarshen Afrilu korona ta kashe wani ɗan majalisar jihar Nasarawa, aka rufe majalisar aka killace abokan aikinsa, a watan Yuni kuma Sanata Bayo Osinowo na Legas ya rasu.

Ranar Talata 28 ga Afrilu aka dawo da takunkumi a fuska, kuma makonnin farko rana ɗaya ake zama a mako. Abin da aka fara da shi yana nuna dalilin dawowar. A ranar Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ahmad Lawan ta amince da rancen naira biliyan 850. A Majalisar Wakilai, Kakaki Femi Gbajabiamila ya gabatar da ƙudurin dokar cututtuka masu yaɗuwa domin maye gurbin ta 1926, aka yi masa karatu na ɗaya da na biyu a zama guda, alhali wasu mambobi na ƙorafin ba a ba su kwafi ba. Da aka gano an kwaso mafi yawansa daga dokar Singapore, kuma yana ba shugaban hukumar yaƙi da cututtuka iko mai faɗi na kamawa da rufe wurare, sai ƙasa ta ɗauka. Gwamnoni suka ƙi, ƙungiyoyi suka ƙi, ƙudurin bai zama doka ba. Kasafin kuɗi kuwa bai sha wannan wahala ba: farashin mai ya faɗi, aka rage ma'aunin ganga daga dala 57 zuwa 28, Buhari ya sa hannu kan gyararren kasafi na naira tiriliyan 10.8 ranar 10 ga Yuli. Majalisun jihohi 36, har da ta Katsina, su ma sun gyara nasu kafin ƙarshen Yuli, domin sharaɗi ne na samun tallafin wani shirin Bankin Duniya. Inda kuɗi ke jiran sa hannu, an samu hanyar zama.

Maganar tsaro ta shigo zaure daga baya, kuma titi ne ya riga ta. A watan Yuni, bayan an kashe hakimin 'Yantumaki a gidansa, mutanen garin suka tare hanya suka ƙona allon hoton shugaban ƙasa; ranar 16 ga wata aka yi zanga-zanga a birnin Katsina duk da hana taro. Ranar 21 ga Yuli Majalisar Dattawa ta nemi hafsoshin tsaro su sauka, fadar shugaban ƙasa ta amsa cewa naɗi da saukewa hurumin shugaba ne. Bayan kisan manoman Zabarmari, Majalisar Wakilai ta gayyaci Buhari, aka sa ranar 10 ga Disamba, sai Ministan Shari'a Abubakar Malami ya ce majalisa ba ta da ikon kiransa kan batun tsaro. Bai je ba. Washegari da dare aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara.

Akwai kuma majalisar da ba a cika ambata a wannan labari ba, alhali ita ce mafi kusa da Tsauwa. Sashe na 7 na kundin tsarin mulki ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, masu kansila daga kowace gunduma. Kansila shi ne wanda ya san gidan da aka ƙone wa rumbu, ya san wanda aka tsallake a rabon tallafi, kuma majalisarsa ta mutum goma sha wani abu tana iya zama ko a inuwar darbejiya. Korona ba ta rufe wannan majalisa a Batsari da Safana ba, domin ta tarar babu ita. Masari ya rushe zaɓaɓɓun shugabanni da kansiloli na jihar a 2015, 'yan makonni bayan hawansa mulki, bisa zargin almundahana, daga nan waɗanda gwamnatin jiha ta naɗa suka ci gaba da riƙo. Don haka rabon abinci da kula da 'yan gudun hijirar da suka cika makarantun firamare na garin Batsari ya faɗa hannun jami'an da ba jama'a suka zaɓa ba, da hakimai da dagatai, Sarkin Ruma a Batsari da Yariman Katsina a Safana, kamar dai yadda aka yi a zamanin Marisuwa.

A watan Janairu 2021, da cutar ta sake tasowa, Buhari ya sa hannu kan sababbin ƙa'idojin sa takunkumi da taƙaita taro, a ƙarƙashin dokar 1926 ɗin nan dai. Ranar 7 ga Mayu 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa rushe majalisun ƙananan hukumomin Katsina ya saɓa wa tsarin mulki, ta umarci a biya waɗanda aka kora haƙƙoƙinsu. A watan Satumba na shekarar aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda yaƙi da 'yan bindiga, Batsari da Safana na ciki, har kusan ƙarshen shekara mai son kiran ɗan majalisarsa sai ya yi tafiya ya nemi inda sabis ke kamawa. Zaɓen kansiloli bai zo ba sai ranar Litinin 11 ga Afrilu 2022, cikin azumi, shekara biyu ba mako ɗaya bayan harin Safana.