Iska ko Abinci? Kan Lakar da ke Ƙin Kwanciya a Tankin Tace Ruwa

Akwai ra'ayin da ya samu gindin zama tsakanin injiniyoyinmu, wai duk lokacin da laka ta ƙi kwanciya a tankin tace gurɓataccen ruwa, laifin wutar lantarki ne: an ɗauke wuta, injin hura iska ya tsaya, bakteriya masu zare suka yi yawa. Wani abokin aiki da nake girmamawa ya daɗe yana kare wannan, maganinsa kuwa janareta da kulorin. A ganina bayanin bai cika ba, kuma giɓin yana iya jawo asara ga masana'antun da ke kan hanyar Jimeta zuwa Numan ta Ngurore.

Tsarin laka mai rai sananne ne tun aikin Ardern da Lockett a Manchesta a 1914, haka ma rabe-raben masu zare da Eikelboom ya yi a 1975. Abin da ake yawan tsallakewa shi ne bakteriya ba iska kaɗai suke bukata ba. Ƙa'idar da aka saba da ita ta ce kowane kashi 100 na dattin da za su ci yana neman kashi 5 na naitirojin da kashi 1 na fosforas. Ruwan kwatar da ke yanka shanun kasuwar Ngurore, da jininsa da tumbinsa, ba ya rasa naitirojin. Ruwan rake irin wanda ake matsewa a Numan, ko na masana'antar lemon kwalba, akasin haka yake: sukari ya yi yawa, sauran sinadaran sun yi ƙaranci. Ƙwayar da ta samu sukari ba ta samu abin gina sabon jiki ba, sai ta mayar da shi yauƙi ta lulluɓe kanta. Yauƙin yana riƙe ruwa, lakar ta kumbura. Wanda ya ɗebi irinta a gwangwanin awo mai lita ɗaya ya jira minti 30 zai ga ba ta sauka ba, in ya taɓa kuma tana jan zare kamar miyar kuɓewa. Da zarar giram ɗaya na laka ya mamaye fiye da mililita 150, matsala ta tabbata.

Abokin nawa zai ce: ai a zafin Yola na Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40, iskar da ruwa ke iya riƙewa raguwa take yi. Gaskiya ne; daga kusan miligiram 9 a lita a digiri 20 takan sauko zuwa kusan 7 a digiri 35. Zai ƙara da cewa masu zare irin su Thiothrix da nau'in 021N, waɗanda ake dangantawa da yunwar naitirojin, suna kuma bunƙasa a ruwan da ya kwana ya ruɓe yana warin ƙwai. Wannan ma haka yake, kuma ita ce hujjarsa mafi ƙarfi, domin inda wuta ba ta tsayawa ruwa yakan kwana. Saboda haka ba zan ce ganin waɗannan zaruruwa a madubin bincike ya isa shaida ba.

Sai dai akwai abin da hujjarsa ba ta kai gare shi ba. Idan aka ɗiga tawadar Indiya a kan ɗigon laka, lafiyayyar laka takan sha tawadar ta yi baƙi, mai yauƙi kuwa takan bar fararen wurare da tawadar ta kasa shiga. Ƙarancin iska shi kaɗai ba kasafai yake haifar da wannan ba. Kulorin kuma yana karya zaren da ya leƙo waje ne. Ba ya narkar da yauƙi, kuma ba ya ciyar da ƙwayar da ke jin yunwa. Mai zuba shi a irin wannan tanki yana kashe bakteriyan da ke masa aiki ne.

Da'awata a nan ƙarama ce, ta taƙaita ga ruwa mai sukari. Kafin a sayi ƙarin janareta, a tace ruwan da ke fita a auna. In naitirojin da ya rage bai kai miligiram 1 a lita ba, ko fosfet ya gaza rabin miligiram, zargin yunwa ya fi ƙarfi. Maganin yana kasuwa: yuriyar da manomin shinkafa ke sayen buhunta, da ɗan sinadarin fosfet. Amma ban yarda a riƙa zuba su bisa 100:5:1 ido rufe ba. A tanki mai ɗumi, inda laka ke daɗewa, ƙwayoyin da suka mutu suna mayar da wani kaso na sinadaransu cikin ruwa, don haka bukatar na iya yin ƙasa da ƙa'idar. Rarar da aka zuba kuwa Kogin Binuwai za ta gangara, ta ciyar da gansakuka da kainuwa a ruwan da masunta ke jefa koma. Ya kamata takin ya shiga kaɗan-kaɗan tare da shigar ruwan sukarin, ba buhu guda da safe ba, sannan a ba lakar makonni kaɗan ta sabunta kafin a yanke hukunci.