Gubar Da Amurka Ta Bari A Biyetnam

Mai karatu, in dai an taɓo yaƙin Biyetnam, sojojin Amurka 58,000 da suka mutu ake fara lissafawa. Ni kam abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dazuzzukan ƙasar. Daga 1961 zuwa 1971 jiragen Amurka sun yi ta feshin maganin kakkaɓe ganye, musamman Agent Orange, wai don 'yan tawaye su rasa maɓoya. Ganye ya zube, gonaki suka bushe, gubar kuwa ta shige ƙasa da ruwa, har ana danganta ta da nakasar jarirai. Sojojin sun tattara sun koma gida a 1973. Amma filin jirgin Da Nang, inda ake loda gubar, sai a 2018 aka gama tsaftace ƙasarsa.