Lulluɓe Ginin Majalisar Jamus a 1995

Daga cikin gine-ginen Turai, da wuya a sami wanda tarihi ya ɗora wa nauyi kamar Reichstag, wato ginin majalisar dokokin Jamus da ke birnin Balin. An gama gina shi a 1894. Gobarar da ta tashi a cikinsa a watan Fabrairu na 1933 ita ce Hitila ya fake da ita ya danne 'yancin jama'a, sa'an nan a 1945 sojojin Tarayyar Sobiyet suka kafa tutarsu a kansa. Da aka raba ƙasar biyu, sai ya zauna daf da katangar Balin, gini ba majalisa.

Wannan gini ne wani mai fasaha, Christo, da matarsa Jeanne-Claude suka ƙuduri aniyar lulluɓewa da yadi tun 1971. Shi Christo mutumin Bulgeriya ne wanda ya gudo daga mulkin kwaminisanci, don haka rabuwar Gabas da Yamma ba a bakin wani ya ji ta ba. Sau uku ana hana su izini. Sai bayan haɗewar Jamus, ranar 25 ga Fabrairu 1994, majalisa ta yi muhawara a kai, wakilai 292 suka amince, 223 suka ƙi. Masu ƙi, irin su Wolfgang Schäuble, suna ganin bai kamata a yi wasa da martabar irin wannan wuri ba. Hujjarsu ba ta banza ba ce, amma abin da ya biyo baya bai gaskata tsoronsu ba.

Ranar 24 ga Yuni 1995 aka kammala aikin. Yadi mai ruwan azurfa, murabba'in mita 100,000, ya rufe ginin ruf, aka ɗaure da shuɗiyar igiya. Mutanen da ido ya daɗe da sabawa da ginin, sai da aka ɓoye musu shi suka tsaya suna duban siffarsa. Wajen mutum miliyan 5 suka zo, domin kowa ya san abin ba zai jira shi ba. Ba a karɓi kuɗin shiga ba, kuma ma'auratan ne suka biya komai daga cinikin zane-zanensu. Haƙiƙa abin da ba ya daɗewa, ba sarki ko attajirin da zai mallake shi.

Shekara 23 ana neman izini, kwana 14 aka yi ana kallo. Ranar 7 ga Yuli aka fara kwance igiyoyi, daga nan magina suka shiga a ƙarƙashin Norman Foster, kuma a 1999 majalisa ta koma zama a ciki.