Abin da Duwatsun Loire Suka Riƙe

Sarakuna kan yi gini domin a tuna da su, amma gini yakan riƙe har da waɗanda mai shi bai yi nufin a tuna ba. Wannan shi ne darasin da na ɗauko daga kwarin kogin Loire na ƙasar Faransa, inda na zaga fadojin tsofaffin sarakuna ni kaɗai a watan Oktoba. Lokacin kakarsu ne: an gama tsinkar inabi, ganyaye sun yi ruwan ɗorawa suna zuba, cincirindon 'yan yawon buɗe ido na lokacin zafi kuma ya watse. Wanda ba shi da abokin tafiya babu mai azalzalarsa, sai ya tsaya ya karanta kowane allo, ya tambayi kowane bango labarinsa.

Tambayar farko ita ce, me ya kawo sarakunan Faransa wannan kwari alhali suna da Paris? Amsar tana cikin Yaƙin Shekara Ɗari da suka gwabza da Ingila daga 1337 zuwa 1453. Da Paris ta kuɓuce musu, sai Charles na Bakwai ya fake a garuruwan Loire, kuma a Chinon ne Jeanne d'Arc ta same shi a 1429. Fadojin wancan zamani mafaka ce: katanga mai kauri, gwalalo kewaye, da 'yan kafofin harba kibiya. Bayan yaƙin ya ƙare, igwa ta riga ta rage wa doguwar ganuwa amfani, sannan daga 1494 sarakunan suka shiga kai yaƙi Italiya, suka dawo da sha'awar gine-ginenta da gwanayenta. Kafar kibiya ta zama faffaɗar taga, gwalalo ya zama madubin da fada ke kallon kanta a ciki.

Babu inda wannan sauyi ya fito fili kamar Chambord. François na Ɗaya ya aza harsashinta a 1519, cikin daji mai fadama, shekara huɗu bayan nasarar da ya samu a Marignano. Ɗakunanta sun haura 400, kuma katangar da ta kewaye dajinta ta kai kilomita 32. A tsakiyar ginin akwai matakala biyu da suka nannaɗe juna kamar tufkar igiya, mai hawa ɗaya da mai hawa ɗayar za su hangi juna amma ba za su haɗu ba. Masana da dama suna ganin tunanin Leonardo da Vinci a cikinta, shi da ya rasu a Amboise a shekarar da aka soma aikin. Na hau matakalar har soro, inda bututun hayaƙi da hasumiyoyi suka yi cunkoso kamar wani ƙaramin birni, iska mai sanyi tana kaɗowa daga dajin da bareyi ke ruri a wannan lokaci na shekara. Abin mamaki shi ne, duk zaman da sarkin ya yi a nan bai wuce 'yan makonni ba. Fadarsa mai yawo ce, ana ɗauko kujeru da labule a zo da su, a kwashe in ya tashi. A 1539 ya kawo babban abokin gabarsa, Sarkin Sarakuna Charles na Biyar, ya nuna masa ita, kuma ya rasu a 1547 ba a gama ta ba. An gina Chambord ne domin ido, shi ya sa shirun ɗakunanta bai yi mini kama da na gidan da aka taɓa zama a ciki ba.

Chenonceau kuwa ta sha bamban, domin mutane sun rayu a cikinta, kuma mata ne suka fi juya tarihinta. Henri na Biyu ya ba da ita ga masoyiyarsa Diane de Poitiers, wadda ta sa aka yi gada a kan kogin Cher. Da ya rasu a 1559, uwargidansa Catherine de Medici ta karɓe fadar, ta ɗora wa gadar wani dogon zaure mai tsawon mita 60. Kishi da mulki ne suka gina wannan zaure, amma zamani ya ba shi aikin da bai taɓa zuwa zuciyar matan biyu ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya an jera gadajen asibiti a cikinsa, aka yi jinyar sojoji fiye da 2,000. A na Biyu kuma kogin Cher ya zama iyaka tsakanin yankin da Jamus ta mamaye da wanda ba ta mamaye ba, sai ya kasance ƙofar shiga fadar tana ƙarƙashin mamaya, ƙofar ƙarshen zauren tana buɗewa ga ɗaya gaɓar. Ta nan aka tsallakar da masu gudun ceton rai. Na taka zauren daga wannan ƙofa zuwa waccan cikin minti guda, tafiyar da ta kasance wa wasu tsakanin mutuwa da rayuwa.

A Amboise ne tarihin ya fi taɓa ni. Fadar tana bisa dutse tana kallon Loire, kuma ta ga abubuwa: a nan Charles na Takwas ya bugi kansa da saman ƙofa ya rasu a 1498, a nan aka rataye waɗanda suka yi yunƙurin kame yaron sarki a 1560, a ƙaramin cocinta kuma ake nuna kabarin Leonardo. Mafi yawan baƙi a nan suke tsayawa. Amma can ƙarshen lambu akwai wata maƙabarta ta Musulmi.

Amir Abdulƙadir na Aljeriya, malami kuma ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya irin ta Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi shekara 15 yana yaƙar mamayar Faransa. A Disambar 1847 ya ajiye makami bisa sharaɗin za a bar shi ya tafi Iskandariyya ko Akka, kuma Janar Lamoricière da ɗan sarki, Duc d'Aumale, suka amince. Alkawari kaya ne, amma gwamnati ta ƙi ɗauka. Aka tsare shi a Toulon, sannan Pau, sannan a Nuwambar 1848 aka kawo shi Amboise da iyalinsa da mabiyansa. Mutanen da suka saba da rana suka shiga ɗakunan dutse masu danshi a bakin hunturu. Kafin a sake su, mutum 25 sun rasu, cikinsu har da mata da ƙananan yara. Sai ranar 16 ga Oktoba, 1852, Louis-Napoléon ya zo da kansa ya sanar da shi an sake shi. A 2005 mai zane ɗan Aljeriya, Rachid Koraïchi, ya tsara musu lambu da duwatsu 25, da layin tsirrai mai nuna alƙibla. Na tsaya na yi musu fatiha, ba kowa a wurin sai ni da ganyen da ke faɗuwa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ba labarin nauyinsa. A 1860, da rikici ya ɓarke a Dimashƙa, inda ya koma da zama, Abdulƙadir ya buɗe gidansa ya fake da Kiristoci masu yawa, ya fita da mutanensa suna ceto su daga hannun masu kisa. Mutumin da aka saɓa wa alkawari bai rama a kan marasa laifi ba. Faransar da ta tsare shi ita ce kuma ta aiko masa da babbar lambar girmamawarta.

A shekarar 2000 hukumar UNESCO ta sa kwarin Loire cikin kayan gadon duniya, kuma ya cancanta, domin kyan gine-ginen gaskiya ne. Sai dai mai karatun tarihi yana da haƙƙin da ya wuce sha'awar kyau. In ya tsaya ga sunayen sarakuna, ya karanta abin da suka shifta masa ne kawai. Magina da suka sassaƙa farin dutsen Chambord, sojan da ya kwanta jinya a kan kogin Cher, da yaron Aljeriya da aka binne nesa da ƙasar iyayensa, duk suna da rabo a waɗannan fadoji. Wanda ya je Amboise ya ga kabarin Leonardo, to ya daure ya ƙarasa ƙarshen lambun.