Tarihin Zaman Sinawa a Kano da Kaduna

Mu da neman abinci ya kawo iyayenmu nan Iware, bakin hanyar Jalingo zuwa Wukari, ya kamata mu san labarin wasu baƙin da suka yi irin zamanmu a can gida, wato Sinawa.

Na farkonsu ba daga Bejin suka zo ba. 'Yan kasuwa ne na Hongkong, lokacin tana hannun Ingila, kuma da yawansu sun gudo can ne da kwaminis suka karɓe mulkin ƙasar Sin a 1949. Wajen samun 'yancin kan Nijeriya suka fara shigowa. A 1964 wani attajirinsu, Cha Chi Ming, ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna, wadda ta ci da dubban magidanta. A Kano kuwa gidan Lee suka kama ƙera kwanuka, robobi da silifa. Wanda duk ya taɓa haɗa wa 'yarsa kayan ɗaki ya san langa da fanteka. Sai a 1971 ma gwamnatocin biyu suka ƙulla hulɗar jakadanci.

Waɗancan masana'anta suka kafa, shi ya sa ba a cika jin kansu da kowa ba. Rigima ta taso ne da 'yan baya, waɗanda suka kwararo bayan shekarar 2000 da atamfa mai araha. Amma fa, tsakani da Allah, mu muka fara bin su har Gwanzu muna sarowa. Da suka ga hanya, sai suka biyo mu. UNTL ta rufe a 2007, masu rini na Kano suka shiga kuka, mu kuwa masu ɗauko yadi daga Kantin Kwari mu kawo nan, ba mu daina saye ba, don shi talakan ƙauye yake iya ɗinkawa.

A watan Mayu na 2012 jami'an shige da fice suka kama Sinawa 45 a Kantin Kwari, bisa zargin kasa kaya a kasuwar da aka bar wa 'yan ƙasa. Wasunmu sun yi murna. Dattawanmu dai shiru suka yi, don sun san ɗacin a ce da mutum "ba garinku ba ne".

A 2019 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya naɗa ɗaya daga cikinsu, Mike Zhang, Wakilin 'Yan China, aka sa masa rawani. Aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin mutanensa da fada, kamar dai yadda Sarkin Hausawa yake yi mana a zango.