Bulalar da muka gāda

Bulala ta daɗe a hannunmu. Kakanni suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malamin allo na da tsumagiya, lakol ɗin Faransawa ta zo da tata, ƴancin kan 1960 kuma bai ƙwace ta daga hannun mushe ba. A 1990 Nijar ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, amma gidajenmu ba su canza ba.

Ƙanena ya sha duka wurin baba, wai kunnen ƙashi gare shi. Sai da ya shekara 12 likita ya gano kunnensa ɗaya ba ya ji. Har yau baba ba ya son zancen.

Iyaye da malamai, yaron da ya gagara, a fara bincika lafiyarsa.