Yadda Alkama Ta Mamaye Teburin Mai Shayi a Katsina

A unguwar Kambarawa, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, duk wanda hantsi ya dubi ludayinsa bai karya kumallo ba ya san inda zai dosa. Teburin mai shayi ne: dogon tebur da benci biyu ko uku, gwangwanayen madara da na Bournvita a jere, kiret ɗin ƙwai, burodi a leda, katan ɗin Indomie a gefe, ga tukunyar ruwa tana tafasa bisa gawayi ko gas. Direban Keke Napep da lebura da ɗalibi da ma'aikacin gwamnati duk a benci ɗaya suke zama. Wani ya ce, "Malam, haɗa mani mai kauri, a soya ƙwai biyu." Wani kuma ruwan bunu kawai yake so, mai citta da kanumfari. Abin da mutum ya ci a nan da ƙarfe goma ko sha ɗaya yakan riƙe shi har la'asar, ya haɗe karin safe da abincin rana a zama guda. A biranen Turai da Amurka akwai ƙananan gidajen abinci na unguwa da suka yi suna da irin wannan ci na hantsi, da taliyar Italiya mai miyar tumatir. Na Katsina ba shi da ƙofar gilashi, amma aikinsu ɗaya, kuma tarihinsa ya fi yadda ake zato tsawo.

Wanda ya ƙare wa teburin kallo zai lura da abu guda. In aka cire ƙwai da albasa da attarugu da abin da ke cikin kofi, sauran duk alkama ce. Burodi alkama, Indomie alkama, taliyar da ake dafawa da daddare ita ma alkama. Alhali Katsina ƙasar gero da dawa ce. Kakannin masu zama a bencin nan da ɗumamen tuwo suke karyawa, ko koko da ƙosai, ko kunu, da rana kuma a dama fura.

Alkama ta fara samun gindin zama a nan ne ta hanyar arewa. A ƙarni na 17 da na 18 Katsina ce babbar matattarar fataken hamada a ƙasar Hausa. Ayarin raƙuma yakan taso daga Tarabulus, ya bi ta Gadamas da Gat da Agadas, ya sauke kaya a birni: takarda, alharini, tsakiya, turare, takubba. Ya koma da fatu da tufafi da kuma bayi, wanda shi ne ɓangaren tarihin nan mafi ɗaci. Fataken ba wucewa kawai suke yi ba. Da yawa sun zauna, sun yi aure, sun kafa unguwanni, kuma mutum ba ya barin cimar garinsu don ya sauya gari. A gidajensu ne da gidajen sarauta da na attajirai abincin alkama ya yi ƙarfi: alkaki, alkubus, finkaso, dashishi, gurasa da taliya. Ita alkamar a fadama ake noma ta lokacin hunturu, ana ban ruwa da jigo, kaɗan-kaɗan, shi ya sa take da tsada.

Taliya kuwa tsohuwar baƙuwa ce a gaɓar Bahar Rum, tun kafin sunan Italiya ya manne mata a duniya. A shekarar 1154 masanin labarin ƙasa al-Idrisi, wanda ya yi aiki a fadar Sarki Roja na Biyu a tsibirin Sisili, ya ba da labarin wani gari kusa da Falermo da ake kira Tarabiya. Ya ce a can ana yin wani abinci na garin alkama mai siffar zare, ana loda shi a jiragen ruwa zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Sisili ta yi kusan ƙarni biyu a hannun Musulmi kafin lokacin. Saboda haka abincin da ake ɗauka na Italiyawa ne zalla, Larabawan Magrib sun daɗe da saninsa, kuma har gobe mutanen Libiya suna murza irin tasu da hannu. Ta hannun irin waɗannan mutane ya tsallako hamada.

Bayan jihadi, da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, tsofaffin sarakunan suka koma arewa suka kafa Maraɗi, aka shiga yaƙe-yaƙe na shekaru masu yawa. Fatake ba sa son hanya mai ƙura irin ta yaƙi, sai suka karkata Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Katsina a watan Janairun 1851, ya tarar da ƙatuwar ganuwa amma yawancin cikinta fili ne da gonaki, ya ƙiyasta mazauna birnin ba su wuce dubu bakwai zuwa takwas ba. Kasuwa ta tafi, amma abin da aka koya a madafa bai tafi ba. Mata suka riƙe shi.

A nan ya kamata a ɗan tsaya, domin wannan sana'a ba a cika ba ta haƙƙinta ba. Taliyar Hausa, wadda ake ce wa 'yar murji, aikin cikin gida ce. A kwaɓa gari da ruwa da ɗan gishiri ya yi tauri, a rufe shi ya huce, sannan a murza shi siri-siri a shanya. Da can da tafin hannu ake yi, aikin da zai ɗauki mata da 'yan mata yini guda, saboda haka ba kullum ake cin ta ba. Abincin sallah ce, da biki, da tarbar baƙon da ake ji da shi. Daga baya ƙaramin injin nan mai mariƙi ya shigo, wanda ake ɗaurewa a bakin tebur ko benci ana juyawa. Ƙirarsa ta Italiya ce. Kamfanin Imperia na birnin Turin ya fara ƙera irinsa tun 1932, ko da yake yawancin waɗanda ke kasuwa yanzu daga Sin suke zuwa. Injin ya mayar da taliya sana'a. Matar da ba ta fita ta samu abin yi a ɗakinta: ta murza, ta rataya a igiya a tsakar gida, ta dafa, ta zuba mata manja ko man gyaɗa da yaji, wani lokaci da wake, yara su kai talla ko a shigo a saya. Da wannan ciniki mata da yawa suka yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, suka zuba adashe, suka biya kuɗin makaranta.

Shekarar 1911 ce ta juya akalar komai. A cikinta Italiya ta kai wa Tarabulus hari ta ƙwace ta daga hannun Turkawa, a cikinta kuma layin dogo ya iso Kano. Kayan da raƙumi ke yin watanni yana ɗauko wa, jirgin ƙasa ya riƙa kawo su cikin 'yan kwanaki. Katsina ba ta samu jirgi ba, amma a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya hau gadon sarauta a 1906 ya rasu a 1944, hanyar mota ta haɗa ta da Kano, kantunan Turawa da na Kwara, wato Larabawan Sham, suka buɗe, gyaɗa da auduga suka sa kuɗi a hannun talaka. Tun daga nan yawancin abin da ake ci na baƙunta ya daina fitowa daga arewa, ya koma fitowa daga bakin teku.

Shayi ma hanya biyu ya biyo. Akwai koren ganye na mutanen hamada, wanda Buzaye ke dafawa a 'yar buta bisa garwashi, a sha zagaye uku a ƙananan kofuna. Akwai kuma baƙin ganye na kanti, irin su Lipton, wanda ake haɗawa da madara da sukari a babban kofi. Na farko na hira ne, na biyu na cika ciki. Mai shayin unguwa na biyun ya ɗauka ya yi sana'a da shi, amma ya zuba masa kayan ƙamshin gida: citta, kanumfari, masoro, wani lokaci da na'a-na'a. Madarar Peak ta shigo kasuwannin Najeriya a 1954. Kamfanin Flour Mills ya kafu a 1960, injinsa na Apapa ya fara niƙa alkamar waje a 1962, daga baya aka buɗe wani injin a Kano. Gidajen burodi suka yawaita. Da kuɗin man fetur suka shigo a shekarun 1970, samari suka baro ƙauyuka zuwa birni neman aiki, ba mata ba murhu, sai tebur ya zame musu madafa. Ƙirƙiro Jihar Katsina a watan Satumban 1987 ya ƙara yawan irin waɗannan mutane: ma'aikatan da aka dawo da su daga Kaduna, 'yan kwangila, magina, direbobi. Birni ya faɗaɗa, kuma duk inda aka yanka sabbin filaye, mai shayi yana cikin waɗanda ke fara kafa rumfa.

Ba ci kawai ake yi a wurin ba. Majalisa ce. Rediyon mai shayi ba ta mutuwa: BBC ta fara Hausa a 1957, Muryar Jamus ta biyo baya, Muryar Amurka ta fara a 1979, kuma kowane labari sai an tattauna shi a benci kafin shayi ya huce. A jihar da ta fitar da Umaru Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari, ba a rasa abin muhawara. Yanzu waya ta karɓi rabin aikin rediyo, ƙwallon Turai ta karɓi rabin siyasa. Mata ba sa zama, sai dai su aiko yaro da fulas. Kuma mai shayi ya san sirrin unguwa fiye da kowa, don yana da littafin bashi, ya san wanda albashinsa ya makara.

Tun da daɗewa akwai waɗanda suka hango matsala a wannan dogaro da alkamar waje. A 1985 wasu masana biyu 'yan Suwidin, Gunilla Andrae da Björn Beckman, suka wallafa littafi a kan yadda Najeriya ta faɗa tarkon alkama, ta saba da burodin da ba ta iya noma wa hatsi. Gwamnati ta yi ƙoƙarin noma ta da manyan ayyukan ban ruwa, a Kadawa ta Kano da Bakolori kusa da Talatar Mafara. Wani kamfanin Italiya, Impresit, shi ya gina madatsar Bakolori, aka gama a 1978, kuma a 1980 'yan sanda suka buɗe wuta kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu, aka rasa rayuka da dama. Alkamar da aka yi alkawari ba ta zo yadda aka zata ba. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama gaba ɗaya. Burodi ya yi tsada ya ƙanƙance, fulawa ta riƙa shigowa ta ɓarauniyar hanya, a ƙarshen 1992 aka janye dokar.

A tsakiyar wannan dambarwa ne Indomie ta iso, a 1988, daga Indonesiya. Da farko shigo da ita ake yi, sai a tsakiyar shekarun 1990 aka kafa masana'anta a Ota ta Jihar Ogun, daga baya wata a Kaduna. Babu abin da ya sauya teburin mai shayi kamarta. Cikin minti biyar an dafa, an yanka albasa da attarugu, an fasa ƙwai a kai, mutum ya ci abinci mai zafi ba tare da ya jira kowa ba. Madarar gari ta 'yar leda, wadda Cowbell ta fara yaɗawa a 1993, ta sa mai naira kaɗan ma ya iya shan shayi da madara. Taliyar leda ta kamfanoni irin su Golden Penny ta shiga kowane gida, ta zama abin da ake dafa wa yara in an gaji, ana yi mata dafa-duka da kifi ko a zuba mata mai da yaji.

Tsohuwar hanyar arewa kuma ba ta mutu ba. Taliya tana cikin jerin kayan da dokar kwastan ta hana shigo da su, amma duk wanda ke bin labaran kame a kan hanyar Jibiya ya saba jin katan-katan na taliya da makaroni da kuskus, waɗanda suka biyo ta Maraɗi. Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, duk sun taɓa farashi a kasuwannin Katsina. Yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 suka ƙara dagula lissafi. Mai cin ƙwai biyu ya koma ɗaya, mai sayen burodi guda ya koma a yanka masa rabi.

Ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta nuna cewa alkamar da Najeriya ta noma a 2021 ba ta kai tan 40,000 ba, alhali abin da ake shigowa da shi duk shekara miliyoyin tan ne. Ma'ana, karin kumallon leburan Kambarawa ya dogara ne da gonakin wasu nahiyoyi da kuma farashin dala. Jihar Katsina tana da madatsun ruwa a Zobe da Jibiya, tana da hunturun da alkama ke so, tana da matan da suka gaji murza taliya tun kaka da kakanni. Ya kamata hukuma ta gyara magudanan ruwan nan ta ba manoman rani iri mai kyau a kan lokaci, masu kuɗin jihar kuma su sa jari a ƙananan injinan niƙa da na busar da taliyar gida, yadda za ta shiga leda mai tsabta ta hau teburin mai shayi kusa da ta kamfani.